Gonar da Hudu Ya Shuka wa Ciyawa

Ni Alu, duk abin da aka yi a Dutsin-Ma tun kafin mota ta fara shigowa, in ba da hannuna aka yi ba to ina tsaye aka yi shi. Na taɓa korar kura da takalmi ƙafa ɗaya, amma wannan na wata rana ne. Yau na Hudu za ku ji, mutumin da ya tuge gero ya shuka ciyawa, yana cikin hankalinshi.

Hudu ya yi 'yan shekaru a Kaduna, yana ban ruwa da tsintar ƙwallo a filin wasan Turawa. Da ya dawo gida, abin da ya zo da shi bai cika jaka ba: gajeren wando fari, da ƙwallo guda mai gashi-gashi kamar ɗan tsako, da wata sanda mai kai irin na matankaɗi, rabin zarenta ya tsinke. Sai kuma baki. In ya zauna a rumfar Alhaji Tukur mai hatsi, cewa yake duk matar Baturen da ta iya tanis a ƙasar nan shi ya koya mata riƙon sanda. Mu kau sai mu ce mashi awo, haka ne, don mu ji na gaba.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tattara su tafi, da farkon damina, ran kasuwa, muna rumfar sai akwatin rediyon Alhaji ya ce wata baƙar mace ta lallasa matan Turawa a wasan tanis can Ingila, bisa ciyawa, har an miƙa mata wani ƙaton tire. Hudu ya miƙe tsaye ya ce dama ya faɗa. Ba wanda ya taɓa jin ya faɗa, amma muka bar shi. Ya ce in shi aka ba mace ya koya mata, ko tsohuwa ce, kafin gero ya nuna sai ta kori wannan ta rediyon.

To a zaune akwai Rabo, taubashinshi, mutumin Kurfi, mai kawo wa Alhaji dawa. Tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko a kan inda gabas take. Rabo ya ce a Kurfi akwai macen da ba sai an koya mata ba, a ba ta sandar kawai a kauce. Hudu ya ce a sa rana. Rabo ya ce a sa, amma ina tiren, ko da baki za a yi kyautar kamar yadda aka koyar da matan Turawa?

Hudu ya tashi ya fita. Jim kaɗan sai ga shi da wani abu a hammata, nannaɗe cikin riga. Tiren tagulla ne aikin Bida, mai zanen ganye a gefe, wanda duk unguwarmu an san shi. Na matarshi Saudatu ne, gadon uwarta, shi ne ke tsakiyar jerenta, ko ran salla ba ta yarda a ɗora mashi kwano mai zafi. Ya ce mata zai kai wa maƙeri ya goge. Ya danƙa wa Alhaji Tukur amana, ya ce wannan na macen da ta yi nasara ne, ta Dutsin-Ma ko ta Kurfi. A lissafinshi tiren kwana kawai zai yi a waje ya koma ɗaki.

Rabo ya ce to a yi a fagen kasuwar Kurfi, ga fili a share. Hudu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce buga ƙwallo a ƙasa tsirara ai langa ce ta yara, manyan mata bisa ciyawa suke yi, kuma duk ƙasar Katsina ba wanda ya san yadda ake renon ciyawar sai shi. Ya sa Alhaji ya maimaita gaban shaidu cewa in ba ciyawa ba gasa, in ba gasa ba kyauta. Bai tsaya nan ba, sai da ya sa mai shela ya kewaye gari da wannan magana.

Ta bakin mai shela Saudatu ta ji inda tirenta ya kwana. Ba ta yi faɗa ba. Maƙwabta sun kasa kunne ta bayan zana suna jiran a fasa tukunya, abin da suka ji guda ne. Ta ce mashi ranar da tiren nan ya kama hanyar Kurfi, ita kuma ta kama hanyar gidan ubanta a Kutawa, kuma kada ya wahalar da dattawa da zuwa biko. Hudu ya fito ya ce mamu mata ba su san wasanni ba.

Gonarshi tana nan bakin gari, kan hanya, gero ya kai gwiwa, ya yi baƙi wuluk don kyau. Ya sa hannu ya tuge rabi. Ya sauka fadama ya yi ta ɗebo ciyawar kirikiri a kwando yana dasawa layi-layi, yana bi da tulu yana ba ta ruwa. Kirikiri fa, wadda manomi in ya gan ta a mafarki sai ya tashi da ciwon baya. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Na farko ya ce sannu da aiki, ya kasa ƙarasawa. Wata tsohuwa ta aiko mashi da turaren iska. Liman ya sa aka kai mashi rubutu, Hudu ya karɓa ya yi godiya ya zuba wa ciyawar. Masu gonakin da ke iyaka da shi suka kai ƙara wurin mai unguwa cewa abar za ta yaɗo masu, Hudu ya ce ciyawar da aka yi wa tarbiyya ba ta ƙetare iyaka. Kafin sati ya zagayo ta ƙetare.

Da ta yi kore shar, sai masu yankan ciyawar dawaki suka gano ta. Hudu ya je sallar azahar ya dawo ya tarar da mutum biyu da lauje suna ta sa mashi albarka. Ya kore su har bakin kasuwa. Daga nan sai ya ce ai dama tana son aski, don Turawa ba su barin ta ta wuce tsawon ɗan yatsa. Ya aro almakashin tela, ya yini a tsugune, ya aske wurin da bai fi shimfiɗar buzu ba, tela ya zo ya ƙwace abinshi. Sai ya kawo bunsurunshi ya ɗaure a turke, ya ce wannan ya fi injin Kaduna. Bunsuru ya ci iya tsawon igiya, ya bar fili da faifai-faifai na ƙasa, kamar kan mai ƙesbi. Ya gangaro da turmi don ya daddale wurin, turmin ya bi ta kan babban yatsanshi. Raga kuma wurin masunta ya samo tsohuwar koma, ya ɗaura tsakanin itace biyu. Ƙarnin kifi ya tara ƙudan Dutsin-Ma kaf, har na mahauta suka yi ƙaura. Layin da ya ja da toka kuwa, duk ruwan da aka yi sai ya sake.

Saura 'yar wasa. Matan aure suna kulle, ba mai ba shi matarshi. 'Yan mata iyayensu suka ce in ya ƙara tsayawa ƙofar gidansu da gajeren wandon nan za a ji su. Aka rasa kowa sai Gwaggo Ma'u, ƙanwar ubanshi, mai daddawa, wadda ke yawon ƙauyuka da ƙwaryarta tun muna yara. Ta yarda a kan zai riƙa ba ta goro fari, ba ja ba.

Ni aka naɗa alƙali, saboda kowa ya san ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Hudu ya ce alƙalin tanis a sama yake zama, aka kafa mani gado irin na masu korar tsuntsu, na hau. Daga can na ga abin da ban taɓa gani ba. Hudu zai jefo ƙwallo, Gwaggo tana tsaye ta tokare da sandar kamar mai jiran mota. Ya ce ta ruga ta tare, ta ce ita ba ta yi gudu ba ran da gobara ta kama rumbunta, ƙwallon da ke son duka ya zo inda take. In ya zo inda take kuma sai ta cafe da hannu ta ƙulle a bakin zane, ta ce tsintuwa ce. Ran da ta yi sa'a ta buge shi sau ɗaya, Hudu ya daka tsalle ya ce in rubuta sha biyar. Alhaji Tukur da ya zo kallo ya ce a tsaya. Ya tambaya sau nawa ta buga, aka ce sau ɗaya. Ya ce shi ya tsufa a awon hatsi, duk wanda ya zuba mudu ɗaya ya ce sha biyar, sunanshi ɓarawo, ko da farin wando. Hudu ya ce daga nan ma talatin ake zuwa, sannan arba'in. Alhaji ya yi salati ya ce yanzu ya gane yadda aka yi Turawa suka ci ƙasa.

Da ranar gasa ta matso, na ce wa Hudu mu je Kurfi mu leƙo abin da Rabo ke dafawa. Muka je ran kasuwarsu. Ba mu sha wahalar nema ba, don mun tarar da mutane sun yi da'ira suna kare kai da hannu. Hassana ce, bazawara mai dakan kuɗi, wadda ake cewa ta fasa turame har masassaƙa sun san sunanta. Ba ta da sandar Turawa, muciya ce a hannunta, Rabo na jefa mata goruba. Ta farko da muka gani ta haye kukar kasuwa, muka ji jaki ya yi kuka a can bayan. Ta biyu ta huda zana. Na dubi Hudu, ya ce ƙarfi ne kawai, ba ta da fasaha. Duk hanyar dawowa bai ƙara magana ba, wanda rabon da a ga haka tun ran da aka cire mashi haƙori.

Ni ba mai kai magana ba ne, amma Gwaggo ta tambaye ni, na kuwa ba ta labarin jakin dalla-dalla. Ta taɓa bakinta ta ce haƙoran da suka rage mata ba su da yawa, ba za ta kai wa Kurfi su ba. Da la'asar aka ga ta shiga wurin Saudatu ta daɗe. Washegari ta ɗauki ƙwaryar daddawa ta nufi Kutawa, alhali ba ranar da ta saba zuwa ba ce.

Ranar gasa, gari na wayewa sai muka ji ganga daga wajen gonar. Hudu ya ce ka ji, tun ban gayyato makaɗa ba sun kawo kansu. Ya sa farin wandon, ya shafa man gyaɗa a ƙauri, ya zo rumfar Alhaji. Ya so ya wuce fili nan take, na tuna mashi abin da shi da kanshi ya koya mamu, cewa babban mutum a wurin Turawa sai kowa ya zauna yake isowa. Ya ce haka ne. Na ce kafin nan ya sake ba mu labarin matar Baturen da ta yi kuka ran da zai bar Kaduna. Labarin nan dogo ne, kuma duk bayarwa tsawo yake ƙarawa. Ganga na ta tashi, ana ta guɗar kirari daga nesa, shi yana gyaɗa kai yana cewa jama'a sun fara gane wasa.

Rana ta ɗaga sosai sannan muka taso, shi a gaba da sanda a kafaɗa, mu a baya, rabin kasuwa na biye. Muna shan kwanar masallaci ya tsaya cak.

Kiɗan gangar noma ne. Samarin Kutawa ne jere, ba riga, kowa da galma, suna tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya. Ciyawar nan ko tsinke babu. Sun kafce ta, sun kakkaɓe saiwar, sun tara ta tsibi a gefe, sun yi huɗa, kunyoyi miƙaƙƙu daga wannan iyaka zuwa waccan, har wasu na bi a baya suna jefa wake. Koma kuwa an naɗe ta an rataye a kan gadon alƙalancina. A inuwar gawo ga Malam Ummaru zaune bisa buzu, uban Saudatu, dattijon da bai taɓa sauraron rediyo ba, bai kuma taɓa yafe wa ciyawa ba.

Hudu ya jawo rigarshi ƙasa don ta rufe gwiwa, ba ta kai ba. Ya cire takalmi ya durƙusa. Malam Ummaru ya ce kada ya damu, labari ya iske shi cewa ciyawa ta cinye gonar, nauyi ya hana Hudu faɗi, shi ya sa ya kira gayya. Ya ce ya yi noma tun yana yaro bai taɓa ganin kirikiri mai taurin kai irin wannan ba, har layi take yi kamar an dasa ta.

Daidai nan motar Kurfi ta tsaya. Rabo ya diro, Hassana na biye da muciyarta, da 'yan kallo cike da bayan mota. Rabo ya dubi kunyoyin, ya dubi dattijo, ya dubi gwiwoyin Hudu, nan take ya gane komai, don shi ma shaƙiyyi ne. Ya gaida Malam Ummaru da ladabi, sannan ya juyo.

Ya ce, "Taubashi, Baba na mamakin ciyawar nan. Ka faɗa mashi wanda ya shuka ta mana."

Mai ganga ya dafe fatar. Kowa ya san abin da ke gaban Hudu. In ya ce shi ya dasa, to ya faɗa wa surukinshi a bainar jama'a cewa ya tuge abincin ɗiyarshi don tsofaffi su yi guje-guje, kuma Rabo zai ce a sake dasawa a sa wata rana, Hassana na nan ba inda za ta. Hudu ya ɗaga kai ya dubi muciyar. Ya sunkuyar.

Ya ce, "Ita ta fito da kanta, Baba. Na yi, na yi, ta fi ƙarfina. Allah ya saka da alheri."

Malam Ummaru ya ce amin. Mutanen da suka yi wata guda suna kallon Hudu da tulu yana ba ta ruwa suka faɗi ƙasa don dariya. Alhaji Tukur ya cusa rawani a baki. Dattijo ya ɗauka murnar gama aiki ce, shi ma ya yi murmushi.

Rabo bai saki ba. Ya ce mota ya ɗauko, mutane ya tara, a buga ko a kan kunya ne. Ya karɓi ƙwallon ya sake shi, ƙwallon ya faɗa cikin laka ya zauna kamar ƙwan da kaza ta binne. Alhaji ya ce shi abin da aka sa shi ya faɗa gaban shaidu, mai shela kuma ya kai ko'ina, shi ne in ba ciyawa ba gasa, ga shi mai filin da bakinshi ya ce bai taɓa yin fili ba. Rabo ya ce to a fito da tiren a gani, ko an sayar. Alhaji ya ce tun da sassafe Gwaggo Ma'u ta zo aronshi don a fito da abincin 'yan gayya, shi kuma ba zai zama mutumin da ya hana a ciyar da masu gayya ba.

Bai rufe baki ba sai ga Gwaggo, tiren a ka yana walƙiya, an jera malmalar tuwo a kai, mata na biye da tukwanen miya. Miyar har da nama, manya-manya. Hudu ya ciji guda, ya tsaya, ya waiga wajen turke. Igiya ce kawai. Gwaggo ta ce injin ya gama aikinshi.

Aka ci aka side, har mutanen Kurfi. Ni ban san komai game da shirin nan ba, ko da yake ni aka ba hanta. Da tire ya zama wayam, Rabo ya miƙa hannu wai zai duba zanen. Gwaggo ta riga shi, ta goge da bakin zane ta ɗora a ka.

Ta ce, "Ɗan nan, a Kurfi in an kawo maku abinci har kwanon kuke tafiya da shi? Mu nan gidan da ya fito yake komawa."

Ta juya ta kama hanya, tafiya take a hankali yadda ta saba, ba wanda ya isa ya tare ta. Muna kallo ta shige zauren Hudu. Daga ciki muka ji guɗa ɗaya, gajeruwa, muryar Saudatu.

Hassana ta ce ita fa an taso ta tun daga Kurfi, ba ta komawa ba ta bugi abin nan ko sau ɗaya ba. Aka tono ƙwallon daga laka aka jefa mata. Ta sa muciya. Wasu sun ce ya sauka a Makera, wasu sun ce bai sauko ba. Ni dai na bi shi da ido har wuyana ya ƙage, kuma idona ya fi na kowa a garin nan.

Waken nan kuwa ya yi kyau a shekarar, har rumbu ya ƙi ɗauka. Hudu ya ce dabarar Turawa ce, a fara shuka ciyawa don ƙasa ta huta. Har ya tsufa, in rediyo ya faɗi sunan wadda ta ci tire a Ingila, sai ya taɓe baki ya ce waɗannan badi ma ƙwace masu za a yi. Shi a gidanshi akwai macen da ta riƙe nata tun kafin mulkin kai, ba a taɓa cin ta ko sha biyar ɗaya ba. In ka ce to ya fito da tiren a gani, sai ya rage murya ya ce ba ta yarda ya shiga ɗakin da yake.